Kawu, Mai Tsayar da Jirgi

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma, sai dai Kawu ya riga mu kama hanya. Yayan Innarmu ne, tsohon matuƙin jirgin ruwa a kwatar Yelwa, bakin ruwan da jirage ke lodi su tsallaka da mutane da kaya. Ya rasu a farkon damina, da hantsi, a kan tabarmarsa, bayan ya kurɓi kunu ya ce wa matarsa tsamiyar ba ta ji ba. Ko ranar tafiyarsa sai da ya sami abin kushewa.

Ni abinci nake sayarwa a kwatar, shinkafa da miyar kifi, kuma rumfata tana kallon inda jirage ke tsayawa. Saboda haka babu wanda ya zo gaisuwa da ban san shi ba. Na san cinsa, na san dariyarsa, na kuma san abin da yake faɗi a kan Kawu idan Kawu ya ba da baya.

'Yan dako da masu kwalfar ruwan jirgi ne suka fara zuwa, wasu da jiƙaƙƙen wando. Ba su iya dogon jawabi ba. Suka ce Allah ya ji ƙansa, suka nemi gindin katanga suka tsuguna a rana, don tabarmin inuwa an ajiye wa manya. Manyan kuwa sai bayan an dawo daga maƙabarta suka iso, a mota, turarensu ya riga su shiga zaure. Masu jirage ne, Ciyaman ɗin ƙungiyarsu a gaba. Daga cikin gida muna jin muryarsa, don ko a masallaci bai iya magana a hankali ba.

"Mun yi rashin uba! Wallahi kwata ta zama marainiya. Wa za shi gaya muna gaskiya yanzu?"

Inna tana zaune kusa da ni, casbi a hannu, idonta a bushe. Ta karkato kai ta ce, "Wa ad da wagga murya kamar ta mai tallan magani?"

Na ce, "Ciyaman na, Inna."

"Wanda yac ce yayana ya tsuhwa har hankali ya bar shi?"

"Shi na."

"To a kai mai ruwa, ya sha aiki."

Babban ɗan Kawu, taubashina, shi ya fi kowa kuka, har sai da aka riƙe shi. Mutum ne mai sanyin hali. Ya taɓa tuƙi ya bari, ya koma kabukabu, babur ɗin ya lalace, ya daɗe yana zaune da mata da 'ya'ya a gidan ubansa. Ƙanina kuwa bai zubar da hawaye ba. Shi ya shiga kabarin ya karɓi gawar, ya dawo ya zauna a bayan zaure ya ƙi cin komai. Ban yi mamaki ba. An dakatar da shi daga tuƙin jirgin wani Alhaji, ƙungiya za ta zauna ta yanke ko ya koma bakin aikinsa ko a kore shi, kuma mutum guda da ya ce zai je ya tsaya masa shi ne muka binne. Laifin ƙanina shi ne ya gicciya filafili.

Wanda ba ɗan kwata ba ba zai gane wannan laifi ba. Kowane jirgi, ko mai inji ne, yana da filafili, icen tuƙi da hannu, a ciki saboda ranar da inji zai mutu a tsakiyar ruwa. A kwatarmu, idan ana lodi, duk ma'aikacin jirgin da ya ga abin da hankalinsa bai kwanta da shi ba, ko kaya sun yi yawa, ko hadari ya haɗo daga gabas, ko katako na yoyo, yana da ikon ya ɗauki filafilin nan ya ɗora shi a gicciye a kan goshin jirgin. Da zarar ya yi haka, ba a tayar da inji. Sai an taru, ya faɗi abin da ya gani, an gyara ko an kwantar masa da hankali, sannan shi da hannunsa ya ɗauke. Matuƙi bai isa ya taɓa ba, mai jirgi ma bai isa ba. Kawu ya ce a gungun, wato tsibirin, da aka haife su shi da Inna, kafin ruwan dam ya shanye shi, haka masunta ke yi. Inna ta ce ita ba ta taɓa gani ba, shi ya ƙirƙiro abinsa ya jingina wa matattu don kada a yi masa musu. Ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba. Na dai tashi na tarar ana yi, kuma tsoron bakin Kawu ya sa ake yi.

Gajere ne, mai faɗin ƙirji, muryarsa na tsallaka ƙarar inji. Ba mutum ne mai daɗin zama ba, kada wani ya ce don ya mutu na shafa masa mai. Kullum a rumfata yake cin abinci, kullum sai ya ce gishiri ya yi yawa, kullum kuma sai ya suɗe kwanon. Bai iya yabo ba, bai iya rarrashi ba. Mazauninsa wani tsohon jirgi ne da aka kife a bakin ruwa, daga nan yake kallon lodin kowa yana sa baki, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Idan mai jirgi ya ce masa jirgin nan fa nasa ne, amsarsa ɗaya ce.

"Naka na, ban musa ba. Amma in ya nutse kai kana gida kana salati. A tambayi wanda za shi sha ruwan."

Na tuna wata safiya, sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Jirgi ya cika da 'yan kasuwa, sai mai kwalfar ruwan, wani dattijon Bakambare daga wajen Ngaski, ya ɗauki filafili ya gicciya. Aka tambaye shi me ya gani. Ya ce shi bai ga komai ba, gabansa ne ke faɗuwa. Aikuwa kwata ta ɗauki dariya. Mata masu kwandunan kifi suka hau zaginsa, mai jirgin ya ce a fitar masa da mahaukacin nan. Kawu ya sauko daga kan kifaffen jirginsa, ya sa aka duba katako, aka duba inji, babu abin da aka samu. Sai ya kama hannun dattijon ya kawo shi rumfata, ya ce in zuba masa, ya zauna kusa da shi. Ashe dattijon bai daɗe da rasa ƙaninsa a ruwa ba. Da ya ci ya natsu, ya tashi da kansa ya je ya ɗauke filafilin. Jirgi ya tashi a makare, ya je lafiya, ya dawo lafiya.

Da yamma mai jirgin ya zo yana yi wa Kawu shaƙiyanci, wai ina haɗarin da aka tsayar da mutane dominsa. Kawu ko kallonsa bai yi ba.

"Yau bai ga komi ba. In kunka yi mai dariya yau, ranar da yag ga wani abu shiru za shi yi. Tahi ka ba ni wuri."

Shi kansa an taɓa tsayar da shi, kuma ban taɓa ganin fushi irin na ranar ba. Kayan ɗakin 'yarsa zai kai wajen Shanga. Don kada surukai su raina, ya loda gado da katifa da kabad da kwalla, ya zuba mata 'yan jere a kai, suna ta guɗa. Mai kwalfar ruwansa a lokacin wani siririn mutum ne mai riga ɗaya, wanda ko cin abinci sai Kawu ya ce in zuba masa. Mutumin nan ya ɗauki filafili ya gicciya wa Kawu a kan nasa jirgin, a gaban dangi. Kawu ya zage shi tas, har kakanninsa ba su tsira ba. Ya cire hula ya buga da ƙasa. Amma bai taɓa filafilin ba. Ya sa aka sauke gado da kabad, aka yi sawu biyu, surukai suka yi ta jira har abinci ya huce. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwar mutumin, sai dai bai kore shi ba, bai kuma bari wani ya goranta masa ba. Siririn mutumin nan mai riga ɗaya shi ne Ciyaman na yau, wanda wuyansa ya yi kauri har hula ke zama masa a karkace.

Akwai kuma ranar da katakon hawa jirgi ya karye da wani ɗan dako, buhun albasa a kansa. Ƙafarsa ta shige tsakanin jirgi da dutse, ni daga rumfata na ji ƙarar ƙashin. Kowa ya san katakon ya ruɓe, 'yan dako sun daɗe suna tsallake tsakiyarsa, amma babu wanda ya tambaye su, su ma ba su faɗa ba. Masu jirage suka ce ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba. Kawu ya goya mutumin nan a bayansa har wurin mai ɗori, kuma har ya warke daga gidan Kawu ake kai wa iyalinsa tuwo. Matar Kawu ta yi mita, ya ce ta rage nasa.

Daga nan ya kafa zaman safiyar Juma'a a gindin tsamiyar kwata. Babu shugaba, babu kujera. Matuƙa, 'yan dako, masu kwalfa, masu gyaran inji, kowa ya faɗi abin da ke ba shi tsoro a aikinsa. Wani ya ce igiyar ɗaure jirgi ta tsufa. Wani ya ce ruwa ya ja baya, kututturan itatuwan da dam ya shanye sun kusa fitowa a hanya kaza, a canza hanya. Har mu mata masu abinci ya ce mu zo, maza suka yi ta gunaguni. Ni na tashi na ce jarkokin fetur da ake jerewa a bayan murhuna za su ƙone mu wata rana. Kafin azahar an kwashe su. Kawu ya zo cin abinci ya ce, "Yau dai kin dahwa abin kirki," ya kuma ƙara da cewa miyar ta yi gishiri.

Abin da ya rusa wannan duka, abin dariya, sunansa kwamitin kiyaye haɗari. Wani jirgi ya nutse a wata kwata, aka rasa rayuka masu yawa, hukuma ta ce kowace kwata ta kafa kwamiti. Ƙungiya ta kafa nata cikin dare ɗaya. Shugaba mai jirgi, mataimaki mai jirgi, ma'aji surukin mai jirgi. A cikinsu babu wanda wandonsa ya jiƙe a shekarun nan, in ba alwala ba. Aka kawo rigunan nan masu ruwan lemo da ke hana mutum nutsewa. Manya suka ɗora su a kan manyan riguna, tumbi ya hana igiya ɗauruwa, aka ɗauki hoto, aka tafa. Baƙin hukuma na juya baya aka kwashe rigunan aka kulle a sito, wai ma'aikata ɓarayi ne, za su sace. Ɓeraye sun ji daɗinsu, ba laifi.

Don a rufe bakin Kawu, sai suka zo masa da sabuwar hula, wai sun naɗa shi uban kwamiti. A gaban rumfata aka yi, ina riƙe da ludayi. Ya juya hular ya duba cikinta, ya duba Ciyaman.

"Wa ad ɗan dako cikin kwamitin?"

"Baba, ai su ba su san tsari ba."

"Mai kwalhwa hwa?"

"Baba, mu muka wakiltarsu. Duk abin da ad damunsu su gaya muna."

"Su gaya ma wanda ka iya korarsu? Kai da kana da riga guda, wa yaw wakilce ka?"

Ya miƙa masa hular, Ciyaman ya ƙi karɓa, sai ya kifa ta a kan tulun ruwana ya ce ko banza za ta hana ƙuda. Ranar ce Ciyaman ya ce a bar tsoho, hankali ya bar shi. Ba a jima ba kwamiti ya sanar cewa daga yau shi kaɗai ke da ikon tsayar da jirgi, gicciya filafili ƙauyanci ne, yana kuma kunyata kwata a idon baƙi. Kwamitin da ke zama a ofis, bayan kasuwa, inda ko ƙarar inji ba a ji.

Ba masu jirage kaɗai nake jin haushi ba. Ƙafafun Kawu suka kumbura, zuwansa kwata ya ragu, sai zaman Juma'a ya fara ramewa. Wannan ya ce yana da uzuri, wancan ya ce Alhajinsa ba ya so. Ƙarti majiya ƙarfi, masu ɗaukar babur a ka su hau jirgi da shi, suka kasa zama a gindin tsamiya sai da tsoho mai ciwon ƙafa a gabansu. Har tsamiyar ta koma wurin ajiye babura. Ashe duk shekarun nan ba al'ada suke riƙe da ita ba, bayan Kawu suke laɓewa.

Ƙanina a hannun Kawu ya koyi tuƙi, ya kwaso har da taurin kan. Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce. An loda albasa, an ɗora babura, mutane sun hau kan buhuna, tsakanin ruwa da bakin jirgi bai wuce tafin hannu ba, ga gabas ta fara duhu. Ya ce wa Alhajin a rage. Alhaji ya ce a ƙaro. Ƙanina ya tona ƙarƙashin buhuna ya zaro filafili, ya taka har goshin jirgi ya gicciya shi. Duk kwata ta zubo ido, don an daɗe ba a gani ba. Alhaji ya tattare babbar rigarsa, ya hau jirgin da kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ɗauki filafilin ya wurga cikin ruwa, ya ce wa ƙanina ya sauka. Ana cikin cacar baki ruwan sama ya sauko da iska, ya jiƙa albasar, rabinta ta ruɓe. Alhaji ya ce da an tashi a kan lokaci da an tsallaka kafin ruwa. Ƙanina ya ce da a tsakiya zai riske su. Allah kaɗai ya san wanda ya yi daidai, kuma Kawu bai taɓa cewa sai mai gaskiya zai gicciya ba.

Muka je muka sami Kawu a kwance, ni da ƙanina. Ya saurara har ƙarshe, idonsa a rufe.

"Ka ba shi haƙuri?"

"A'a, Kawu."

"Madalla. Ranar zaman ku zo da baro ku ɗauke ni. In ga wanda za shi kore ka ina kallo."

Na ce, "Kawu, jikinka hwa?"

"Jikina mi? Bakina ya kumbura?"

Ba a kai ga ɗauko baron ba. Mutuwa ta riga ƙungiya zama, kuma na san akwai waɗanda suka ji sanyi a ransu, ko da sun fi kowa ɗaga murya a zaure.

Bayan an share makoki aka yi zaman. Mata ba sa shiga, amma ni aka sa in dafa musu abinci, na kawo tukunyata na tsaya a bakin taga. Masu jirage a kan kujeru, ma'aikata a tsaye a bakin ƙofa, ƙanina a tsakiya. Aka buɗe da doguwar addu'a ga Kawu. Wani ya kawo shawarar a rubuta sunansa a jikin ofishin kwamiti, aka ce madalla. Sannan Ciyaman ya gyara murya ya ce albarkacin marigayi an yi wa yaron nan afuwa. Abu kaɗan ake so. Ya durƙusa ya ba Alhaji haƙuri, ya kuma faɗa da bakinsa a gaban kowa cewa tsayar da jirgi aikin kwamiti ne, ba na ma'aikaci ba. Gobe ya koma bakin injinsa.

Ƙanina ya juya ya dubi 'yan uwansa na bakin ƙofa. Na bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Har da ɗan dakon da Kawu ya goya, yana tsaye a kan ƙafar da aka ɗora masa. Wani na kallon silin, wani na kallon farcensa, wani ya tuna yana da tari. Ko mutum ɗaya bai matso ya tsaya masa ba.

Ƙanina ya ce, "Ranka shi daɗe, ranar da kag gicciya ma Kawu hilahili, ya sa ka durƙusa?"

Ciyaman ya ce, "Wancan zamani daban. Za ka yi ko ba ka yi?"

"Haƙurin albasa ina iya ba shi, asara ba daɗi. Amma in ce ba ni da baki bisa jirgin da ni ka tuƙi, ba ni hwaɗin haka."

"To ka sauka ke nan."

Ƙanina ya sa takalmansa ya fito. Aka matsa aka ba shi hanya da sauri, kamar mai cutar da ake ɗauka. Wani daga ciki ya leƙo ya ce in shigo da abinci. Na rufe tukunyata, na ɗora a ka, na koma rumfata na raba wa masu jiran jirgi. Har yau ƙungiya ba ta sake sa ni girki ba, ban kuma rame ba.

Babu mai jirgin da ya yarda ya ɗauki ƙanina, daga Yelwa har ƙauyukan bakin ruwa, don magana ta riga shi isa. Mutumin da ya san hanyar ruwan nan kamar tsakar gidansu ya koma dako. Yana naɗa gammo, yana ɗaukar buhu, yana loda wa jiragen da a da shi ake jira ya tayar. Wuyansa ya saɓule a makon farko. Matarsa ta fara aiko yara rumfata da kwano. Inna kuwa da mamaci take faɗa. Ta ce, "Ya koya ma ɗana taurin kai, ya tahi ya bar mu da shi." Ta faɗa, sannan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar.

Jirgin bai daɗe babu matuƙi ba. Wata safiya na ɗago kai daga murhu, sai na ga taubashina, babban ɗan Kawu, zaune a bakin injin. Alhaji ya bi kwata yana shelar cewa ya ba shi ne don a taimaki gidan marigayi, kuma mutane suka yi ta sa masa albarka, wai ya san darajar manya. Ya sami matuƙin da ba ya cewa a'a, ya haɗa da lada. Na so in je in shaƙe taubashina da wasan da ke tsakaninmu, in gaya masa abin da ko a wasa ba a faɗa. Da na matsa kusa na ga yadda rigarsa ta yi masa yawa, na tuna bakunan da ke jiransa a gida, yanzu babu uban da zai ciyar da su. Na koma rumfata. Raina shi nake yi, tausayinsa kuma nake ji, na rasa wanda ya fi yawa.

Ranar kasuwar da ta biyo baya, ƙanina na cikin masu yi masa lodi. Aka zuba albasa, aka ɗora babura, mutane suka hau. Jirgi ya yi ta zama cikin ruwa. Ƙanina ya iso kan katako da buhu a ka, ya dubi bakin jirgin, ya tsaya.

"Yaya, ya isa haka."

Taubashina bai dube shi ba. Ya saci kallon inuwar da Alhaji ke zaune, ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar inji.

"Sa shi."

"Yaya, dubi ruwan."

"Na gani. Sa shi, don Allah."

Na bayansa suka fara cewa ya ba su hanya, kaya na da nauyi. Ɗan dako ba shi da jirgi, ba a kuma tambayarsa. Ya sauke buhun a kan sauran, ya juyo, ya zo rumfata ya zauna. Na zuba masa abinci bai taɓa ba. Muka zuba wa jirgin ido yana tafiya a hankali, ruwa na lasar bakinsa, har ya zama ɗigo, har ya ɓace.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya yafe masa zafin bakinsa, ya sanyaya masa makwanci, ya saka masa da rayukan da suka kwana a gidajensu ba su ma san albarkacinsa suka ci ba. Na yi kewarsa fiye da yadda zan iya faɗa, amma na gode wa Allah da bai nuna masa wannan ba.

Matar Kawu tana takaba, ba ta fita. Duk ranar kasuwa, idan na kashe wuta da yamma, ta gidan nake bi in ce mata ɗanta ya dawo. Ba ta taɓa tambayata yadda aka yi lodin ba, ni ma ban taɓa gaya mata ba.